Maɓalli ya ƙi dannuwa: abin da mai tsohuwar kyamarar fim zai duba kafin ya sa ƙarfi

Abin ba ya tashi faruwa sai ranar da ake buƙatar hoton. Ango da abokansa sun jeru a ƙofar gida, an gyara zaman hula, yara sun kutso gaba. Mai hoto ya sunkuya bisa akwatin da ke rataye a wuyansa, ya ga kowa sarai a gilashin sama, ya danna maɓalli. Maɓalli ya ƙi shiga. Ya sake dannawa, shiru. Jama'a sun fara dariya, wani ya zaro wayarsa yana cewa a bar wahala. A daidai wannan lokacin ne tsofaffin kyamarori da dama ke gamuwa da ajalinsu, domin wanda kunya ta kama a bainar jama'a ƙarfi yake sawa. Ya murɗa hannun naɗin fim da tsiya, wani abu ya ce ƙas a ciki, shi ke nan.

Kyamarorin da ake magana a kansu su ne manyan nan masu cin fim mai faɗi da ake kira 120: Rolleiflex, Yashica, Hasselblad, Mamiya, Bronica, Pentax 6x7 da ire-irensu. A da an ɗauka zamaninsu ya shuɗe, to amma fim ya sake samun kasuwa a wurin matasan Turai, Amurka da Asiya, kuɗin kyamarorin kuma ya tashi. Ta hanya biyu irin wannan kaya kan faɗo hannun matashi a Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram. Ko dai ya tsince ta a ƙasan akwatin mahaifinsa da ya taɓa riƙe gidan hoto, ko kuma ɗan uwa mazaunin Faransa, Beljiyam ko Amurka ya saya a kasuwar tsofaffin kaya ya aiko. Ko ta ina ta zo, ranar da maɓallinta ya ƙi, zancen farko da ke zuwa bakin mai ita shi ne ta lalace. Sau da yawa kuwa lafiyarta lau. Da gangan ta ƙi, don haka aka ƙera ta.

Hoto 12 kacal

Kamfanin Kodak ne ya fito da fim 120 a shekarar 1901, kuma har yau ana yin sa, a Amurka, a Ingila wurin kamfanin Ilford, da Jamhuriyar Cek wurin Foma. Faɗinsa kusan santimita 6 ne, yana naɗe tare da doguwar takarda mai kare shi daga haske. Naɗi ɗaya hoto 12 yake bayarwa a kyamara mai ɗaukar 6x6, hoto 10 a mai 6x7, hoto 8 a mai 6x9. Wanda ya saba ɗaukar hoto ɗari da waya ya goge casa'in zai ga abin kamar wasa. Amma wannan ƙarancin shi ne ya sa maƙeran suka cika akwatunan da ƙananan sakatu. Sun san mai hoton biki ba shi da halin ɓarnar ko ɗaya, sai suka tsara cewa muddin akwai abin da bai yi daidai ba, wanda zai sa hoto ya fito baƙi ƙirin ko kuma biyu su hau kan juna, to maɓalli ba zai shiga ba.

Irin waɗannan akwatuna ba baƙi ba ne a Afirka ta Yamma. Da Rolleiflex Sanlé Sory ya yi aiki a gidan hotonsa na Volta Photo a Bobo-Dioulasso. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya karɓi lambar yabo ta gidauniyar Hasselblad a 2003 da Zakin Zinariya na birnin Venis a 2007, shi ma da ita ya ɗauki ɗimbin hotunan da suka yi masa suna, kuma shi kansa makanikin kyamara ne: kantocin shagonsa na unguwar Bagadaji cike suke da tsofaffin kyamarori. A zamaninsu ne Philippe Koudjina ke yawo yana ɗaukar rayuwar daren Yamai. Mutanen wancan lokaci sun san kayan aikinsu ciki da waje. Sidibé ya rasu a 2016, tsararrakinsa ma saura ƙalilan, matashin da ya gaji akwatin kuwa ba lalle ya gaji sanin ba.

Kafin a shiga batun sakatu, ya kamata a san abin da maɓallin ke yi. A mafi yawan waɗannan kyamarori, a cikin idon kyamara, wanda masu sana'a ke kira objektif, akwai wasu siraran ganyayyaki na ƙarfe da ke haɗuwa su toshe hanyar haske. Su ne ƙyauren haske. Buɗewa suke yi su rufe cikin lokacin da aka zaɓa, daga daƙiƙa ɗaya har zuwa kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Sifirin ne ke tura su, kuma sai an ɗana shi tukuna, tamkar tarko. Maɓallin da ake dannawa ba shi da wani ƙarfi na kansa, sakin tarkon kawai yake yi. Tarkon da ba a ɗana ba kuwa, ko an kwana ana taɓa shi ba zai faɗa ba.

Sakatun da ke hana dannawa

Abu na farko, wanda ya fi ba mutane kunya idan aka gano shi, zobe ne ko ɗan makulli da ke kewaye da maɓallin kansa. Yashica Mat-124G tana da shi, Mamiya RB67 tana da shi, Rolleiflex ma haka. An sa shi ne don kada maɓalli ya dannu cikin jaka. Yatsa kan juya shi ba a sani ba.

Na biyu faifan ƙarfe ne siriri da ake zurawa tsakanin jikin kyamara da akwatin fim. Kyamarori irin su Hasselblad, Bronica da RB67 gida uku ne: ido, jiki, da akwatin fim da ake iya cirewa ko da fim a ciki. Faifan shi ke kare fim daga haske idan an cire akwatin. A Hasselblad dokar a fili take: faifai na ciki, maɓalli ba zai shiga ba; faifai na waje, akwatin fim ba zai ciru ba. Kuma ba a jan sa rabi a bari, sai an zare shi gaba ɗaya. Idan faifan ya lanƙwashe saboda an zauna kansa a aljihun baya, abin da ke yawan faruwa, yana iya matse ɗan haƙorin da ke jin shigarsa, kyamara ta ci gaba da ɗaukar cewa yana ciki.

Na uku fim ne. Da yawa daga cikin kyamarorin nan ba sa yarda a danna su babu fim, ko kuma idan ba a naɗe hoton da aka riga aka ɗauka ba. Wannan shi ke ruɗar wanda aka aiko wa kaya daga waje, domin abin da zai fara yi shi ne gwadawa a ɗaki babu fim, ta ƙi, ya buga waya ya ce an cuci ɗan uwansa. A Bronica da RB67 samfurin Pro-S akwai ɗan hannu na ɗaukar hoto bisa hoto. Idan aka juya shi, kyamara za ta dannu ko babu fim. Mamiya C330 tana da makamancinsa a gefe. Sai dai a tuna a mayar da shi kafin a fita aiki, in ba haka ba dukkan bikin zai taru a kan hoto ɗaya. Pentax 6x7 ita kuma sai an buɗe bayanta, a juya ƙirgen hotuna da yatsa ya wuce 1, a rufe ana riƙe da shi, sannan ta ɗanu. Haka nan idan naɗi ya ƙare: akwatin Hasselblad na kulle maɓalli bayan hoto na 12, ba don komai ba sai don babu sauran fim.

RB67 ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi kowace yawan dalilan ƙi. Mamiya ta fito da ita a 1970, ta sabunta ta a 1974 da sunan Pro-S, kuma nauyinta da ido da akwatin fim ya haura kilo biyu da rabi. Ba ta cin batir ko kaɗan. A cikinta ɗana ƙyaure daban, naɗe fim daban: babban hannu a gefen dama na jiki, ƙarami a bisa akwatin fim. Wanda ya tura babban bai kai shi ƙarshe ba, ko ya manta ƙaramin, zai tarar da maɓalli a kulle. Akwatin fim ɗinta kuma juyawa yake yi, tsaye ko kwance, kuma idan ya tsaya a tsakani bai ce ƙyat ba, Pro-S ba za ta ɗauka ba.

Akwai wata ruɗani da ta fi waɗannan haɗari domin ba ta da alama. A gefen idon RB67 akwai ɗan maɓalli mai harafin N da M. Idan yana kan M, mutum zai danna, ya ji madubi ya tashi da ƙararsa mai gamsarwa, ya ɗauka an yi hoto. Ƙyauren haske bai buɗe ba sam, yana jiran a sake shi da igiyar dannawa ta jikin idon. Sai an kai wanki a ga fim fayau babu komai. Haka ma harafin T a zoben sauri: ƙyaure zai buɗe ya tsaya a buɗe har sai an juya zoben, mai shi kuma ya ɗauka ya maƙale.

Masu ido biyu

Rolleiflex, wadda kamfanin Franke da Heidecke ya fara fitarwa a birnin Braunschweig na Jamus a 1929, da Yashica ta Japan da ta bi sawunta, ido biyu gare su, na sama na kallo, na ƙasa na ɗauka. Sun fi sauƙin sha'ani, amma suna da nasu halin. Hannun naɗinsu gaba ake kai shi har ya tsaya, a dawo da shi baya har ya tsaya. Wanda ya katse tafiyar a tsakiya bai gama ɗanawa ba. Ƙannensu masu araha, irin su Yashica D da Rolleicord da Lubitel ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, naɗe fim ba ya ɗana su, akwai ɗan hannu daban kusa da ido da ake ja kafin kowane hoto. A yawancin Rolleiflex ɗin da aka yi daga 1937 zuwa gaba, sai an bi da takardar fim ta tsakanin wasu ƙarafa biyu masu mirginawa, su ne ke jin kaurin farkon fim. Idan aka bi ta samansu, ƙirge ba zai tsaya a 1 ba, naɗin zai tafi duka ba a ɗauki komai ba.

Babban makashin waɗannan kyamarori shi ne na'urar jinkiri, wadda ke ba mai hoto daƙiƙu kamar goma ya ruga ya shiga sahu. Shekara da shekaru ba a taɓa ta, maiƙonta ya daskare. Da zarar an ja ta, ƙyaure ba zai saki ba sai ta gama ƙirgarta, ita kuma ta tsaya a hanya. A Yashica Mat abin ya fi muni: idan ɗan hannun fitila yana kan M aka ja na'urar jinkiri, ƙyauren na iya cijewa ta yadda sai an kwance shi. M ɗin nan na tsofaffin ƙwayayen fitila ne masu ƙonewa sau ɗaya, waɗanda yanzu ba a aiki da su, don haka a bar hannun a kan X har abada. Idan an riga an ja na'urar ta tsaya, ana iya danna maɓalli a riƙe, a ɗan rako hannunta da kan yatsa a hankali ta hanyar da take bi da kanta. Ta tafi, an huta. Ta ƙi, a ƙyale ta. A tsohuwar kyamarar da ba a san tarihinta ba, wannan hannun a bar kaza cikin gashinta.

Cijewar Hasselblad

A nan ne aka fi yin asara mai tsada. Hasselblad 500C ta fito daga birnin Gotenbog na Suwidin a 1957, 500C/M ta biyo baya a 1970, kuma kamfanin ne ya ƙera kyamarorin da aka je da su duniyar wata a 1969. Ingancinta ba abin musu ba ne, amma tana da sharaɗi ɗaya da ba ta yafewa: jiki da ido dole su kasance a ɗane dukansu kafin a haɗa su ko a raba su.

Dalili kuwa shi ne, dannawa ɗaya ayyuka da yawa take tayarwa a jere. Ƙyauren cikin ido ya rufe, madubi ya tashi, wasu ƙofofi biyu a bayan jiki su buɗe, sannan ƙyaure ya buɗe ya rufe. Abin da ke haɗa jiki da ido a wannan aiki ɗan sanda ne mai juyawa, mai baki kamar na makulli, wanda ke shiga wata tsaga a bayan idon. Idan ɗaya a ɗane yake ɗaya a sake, baki da tsaga ba za su dace ba. Wani lokaci ido kan saki kansa a jaka idan wani abu ya taɓa ɗan haƙorin da ke bayansa. Mai shi bai duba ba, ya tura shi a jiki ya murɗa. Ko kuma ya danna maɓalli yana tsakar cire ido. Sakamakon ɗaya ne: maɓalli ba ya shiga, hannun naɗi ba ya juyawa, ido ba ya fita.

Riga-kafin ba shi da wuya. Kafin a ɗaura ido a dubi bayansa: tsagar ta kasance tana kallon jan ɗigon da ke gefenta. Idan ba ta kallonsa, a sa bakin ƙaramin kuɗin ƙarfe, irin su dala goma in dai ya shiga, a juya ta hannun dama har ta ce ƙyat. A gefen dama na 500C/M kuma akwai ƴan tagogi biyu, ɗaya a jiki ɗaya a akwatin fim. Fari na nufin a ɗane, ja na nufin an riga an ɗauka. Launinsu ya zama ɗaya kafin a haɗa akwati da jiki. Masu amfani da zoben ƙarin tsawo na ɗaukar ƙananan abubuwa su ma su kiyaye: zobe ake fara ɗaurawa a jiki sannan ido, wajen cirewa kuma ido ne farko.

Idan ta riga ta cije, akwai hanyar da masu gyara ke bi. A zura faifai, a cire akwatin fim, a tura ƙofofin baya a hankali, a leƙa ciki. A ƙasa, daf da gilashin bayan ido, akwai kan sandan nan mai tsaga. Da doguwar sukundireba ake juya shi ta hannun dama har ya kama, daga nan ido ya fita. Ana faɗarsa da sauƙi, amma tsakanin bakin sukundireba da gilashin Zeiss tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, kuma sandan na da turjiya, ƙarfe kan zame. Shi ya sa ake sayar da wani ƙarfe na musamman mai hula a baki don wannan aiki kawai. Wanda ba shi da shi ya naɗe bakin sukundirebarsa da salatif, ya kare gilashin da ƙyalle mai taushi, ya aza kyamarar bisa tebur inda akwai haske. Idan sandan ya ƙi juyawa da ɗan matsakaicin ƙarfi, to matsalar ta wuce nan, a dakata, kada garin neman gira a rasa ido.

Kiev 88, wadda masana'antar Arsenal ta birnin Kiev ta ƙera bisa samfurin Hasselblad ta farko, tana da arha shi ya sa take jan hankali. Dokarta guda: ba a canja sauri sai an naɗe an ɗana. Wanda ya karya wannan doka yana iya karya haƙoran ciki.

Masu cin batir

Pentax 6x7 ta 1969, Mamiya RZ67 ta 1982 da Bronica ETRS da SQ-A duk lantarki ne ke auna musu lokaci, da batir mai bolt 6 da ake kira 4LR44. Kowace da yadda take nuna yunwarta. Pentax madubinta ke tashi ya tsaya a hanya, gilashin kallo ya yi duhu, komai ya kulle. A gaban jikinta akwai wani ɗan maɓalli da ya nutse ciki. A danna shi da bakin biro sannan a danna na ɗauka, madubi zai sauko, an yi asarar hoto ɗaya kawai. Bronica ita yaudara take yi: za ta dannu kamar lafiya, amma ko wane sauri aka zaɓa da 1/500 take ɗauka, hotunan cikin ɗaki su fito duhu. RZ67 tana da matsayin gaggawa a zoben maɓallinta da ke ba ta damar ɗauka da 1/400 babu batir.

Samun 4LR44 a kasuwannin gida na iya yin wuya, amma ba komai ba ne illa ƙananan batura huɗu na LR44 a jere, irin waɗanda masu gyaran agogo ke sayarwa. A jera su fuska ɗaya, a naɗe gefensu da salatif, in sun gaza tsawo a cike da ɗan dunƙulen takardar alminiyom. Kafin nan a leƙa gidan batir. Idan an bar tsohon batir ya fashe a ciki za a ga farin gari ko kore a kan ƙarafan. Ɗan auduga da ɗigon binegar na cire shi, a goge a bari ya bushe. Idan tsatsar ta ci waya, wannan aiki ne da mai gyaran wayar salula mai nutsuwa zai iya.

Idan ciwon na gaske ne

An duba zobe, an zare faifai, an naɗe, an sa sabon batir, har yanzu shiru. Abin da ya rage shi ne a gano wane gida ne ke da ciwon. A cire akwatin fim a gwada jiki da ido su kaɗai. Idan sun ɗauka, laifin akwati ne. Idan ido na fita cikin sauƙi, a cire shi a gwada jiki. Sai kuma a buɗe baya, a nufi haske, a sa saurin daƙiƙa ɗaya, a danna ana kallo ana saurare. Lafiyayyen ƙyaure zai buɗe nan take, a ji wani siririn kuka mai tafiya bai ɗaya, ya rufe. Mara lafiya zai ja kukan ya yi ta tsayawa, ko ganyayyakin su rufe a kasalance, ko su tsaya a buɗe.

Kusan kullum tsohon maiƙo ne. Ganyayyakin ƙyaure a bushe aka ƙera su su yi aiki, ko ɗigon mai ba a so a kansu. To amma kyamarar da ta shekara arba'in ko hamsin, maiƙon da ke sauran sassanta ya rabu biyu: mai kauri ya daskare ya riƙe ƙananan haƙora, mai ruwa ya malalo kan ganyayyaki ya manne su. Yanayin Sahel na gaggauta wannan. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe ko ɗaki mai rufin kwano. Hunturu kuma ya zo da ƙurarsa mai laushi kamar garin alkama, ta shiga ko'ina, ta haɗu da maiƙo ta zama taɓo mai cin ƙarfe. Akwai kuma baƙin soson da ke toshe haske a bakin murfi da wurin da madubi ke bugawa, musamman a kyamarorin Japan. Da tsufa yake narkewa ya koma kamar kwalta, ya riƙe madubi a sama ko ya zuba gutsattsari cikin inji. Kyamarar da ta zauna a Kwatano, Lome ko Abijan kafin ta hauro arewa, ita kuma danshi ne ke bar mata tsatsa.

Ƙyauren da nauyi kawai ya yi wani lokaci yakan warware idan aka yi ta ɗanawa ana saki, sau talatin ko hamsin, daga mafi sauri zuwa ƙasa. Sauƙi ne na ɗan lokaci, ba magani ba, kuma bai kamata a dogara da shi a je ɗaukar ɗaurin aure ba. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne ɗiga man keken ɗinki ko fesa WD-40. Ranar farko za a ga kamar an dace, bayan mako guda man ya bi ganyayyaki ya hau gilashi, aikin da a da wanki kawai yake buƙata ya zama babba. Haka nan ba a kai ta wurin mai faci a hura mata iska: ƙarfin iskar na lanƙwasa ganyayyaki, ya kuma tura ƙurar can ciki. Ƴar robar hura iska ta hannu da burushi mai taushi sun isa.

Gyaran gaskiya shi ne a kwance ƙyauren, a wanke kowane ƙarfe, a sa mai daidai inda ya kamata, a auna sauri. Aikin ya fi kusa da na agogo fiye da na kowace sana'a, kuma ba banza ba: ƙyauren da ke cikin idon RB67 kamfanin Seiko ne ya yi shi, mai agogon nan da kowa ya sani. Tsohon mai gyaran agogon hannu, irin wanda ya saba da masu sifirin, shi ne ya fi kusa da fahimtar abin da zai gani a ciki. Duk da haka agogo daban, ƙyaure daban. Akwai siraran zobba a bayan gilashi da idan aka ɓatar da ɗaya ko aka sauya musu wuri, hoto ba zai ƙara fitowa garau ba. Wanda zai ba da tasa ya fara tambaya ko mai gyaran ya taɓa buɗe irinta, ya kuma je wurin tsofaffin masu gidajen hoto na garinsu da ladabi, domin su ne suka san wanda ke yi musu gyara a da, da wanda ya rage.

Kayan gyara ne babbar damuwa. An daina yin Yashica Mat-124G a 1986, sunan Bronica ya ɓace a 2005, Hasselblad ta rufe wannan layi nata a 2013. Haƙorin da ya karye yau, sai dai a ciro shi daga wata matacciyar kyamara. Maiƙon da ya daskare ana wanke shi ko bayan shekara nawa, ƙarfen da aka karya da hannu kuwa yana iya sa akwatin ya koma kayan ado. Kyamara mai daraja, idan babu gwani a kusa, gara ta jira matafiyi ya kai ta inda ake gyaranta a Turai.

Kafin a saya a aiko

Ɗan uwan da ke waje zai iya rage rabin wannan wahala tun a wurin ciniki. Ya sa mai kaya ya danna ta a gabansa, ko ya turo bidiyo, a saurin daƙiƙa ɗaya da kuma mafi sauri, baya a buɗe ana ganin haske na wucewa. Ya tambayi yaushe rabon da a yi mata wanki da mai. Ya duba gidan batir. Idan zaɓi ya samu tsakanin mai cin batir da wadda ba ta ci, ga mai zama inda ake wahalar kayan gyara, mara batir ta fi kwanciyar hankali. Littafin bayanin kusan kowace daga cikinsu yana nan kyauta a intanet, kuma shafuka biyu na farko kan kawar da yawancin abin da aka lissafa a sama.

Wanda ya karɓa a gida kuma ya ajiye ta cikin jaka mai rufuwa, nesa da rana, ya cire batir idan za ta daɗe, ya riƙa fito da ita sau ɗaya a wata yana danna ta a kowane sauri don kada maiƙo ya kwanta. Hasselblad a ɗane ake ajiye ta.

Sai ƙananan abubuwa biyu da ake yawan mantawa a cikin kunshin. Ɗaya faifan ƙarfen nan, domin in babu shi akwatin fim ba zai ciru ba. Ɗayan kuma fankon sandan da fim ke naɗuwa a kansa. Fim 120 ba ya komawa gidansa kamar ƙaramin fim na 35, daga sandansa yake tashi ya naɗu a kan wani fanko da ya kamata a tarar a cikin kyamara. Idan mai sayarwa ya cire shi, ga kyamara lafiya lau, ga fim sabo a kwali, amma ba abin da za a ɗauka sai an samo wani, ko kuma a sadaukar da naɗi guda a warware shi don a sami sandansa.